Tambaya ga masu kallon besbol: lissafin Jeter da na Ozzie Smith kusan daya, me ya sa ake cewa ba sa'o'in juna ba ne?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana besbol ku zo ku warware min wani abu da ya daure min kai. Ni dai ban jima da fara kallon wasan nan ba, wani abokin aikina ne ya dinga turo min gajerun bidiyo na YouTube, ka ga mutum ya yi tsalle kamar mage ya damko kwallo ya wurga tun kafarsa ba ta taba kasa ba, to tun daga nan na kamu. Bangaren bugu na fara ganewa kadan kadan, amma bangaren tsaro, wato masu tsayawa a fili da katuwar safar hannun nan, shi ne ya gagare ni.

Ga abin da ya faru. Na je duba lissafin 'yan wasa biyu da duk suke tsaron wuri daya, shotstof, tsakanin bes na biyu da na uku. Derek Jeter na Yankees da Ozzie Smith na Cardinals. A wajen kason tsaro an rubuta wa Jeter .976, Ozzie kuma .978, wato idan na fahimta daidai a cikin kwallo 1,000 bambancinsu guda 2 ne tak. Kai har ma na ga Ozzie ya fi Jeter yawan kuskure, 281 shi kuma Jeter 254, alhali Jeter ya fi shi yawan wasanni. Sannan Jeter ya ci Gold Glove har sau 5, kyautar da aka ce ta gwanin tsaro ce.

To amma duk inda na leka sai in ji ana cewa Ozzie ba a taba yin kamarsa ba, Jeter kuwa wai yana cikin na baya a tsaro. Haba jama'a ta yaya? Ko dai hassada ce kawai ake wa Yankees don sun fi kowa kofi? Tambaya ta biyu, mutum zai iya dadewa a babban lig da iya tsaro kadai ko da bai iya bugu ba? Na gode, a yi hakuri da sabon shiga.

Mai_Alkalami

Wa alaikumus salam, barka da zuwa dan uwa. Tambayarka ai ita ce rigimar da Amurkawan kansu suka kwashe shekaru suna yi, don haka ba kai kadai ba ne.

Fara da sanin yadda ake hada kason nan. Abu uku ake kirgawa. Na daya, sau nawa kai da hannunka ka fitar da dan wasa, misali ka cafe kwallo a sama ko ka taka bes da kwallo a hannu. Na biyu asis, wato ka tare kwallo ka jefa wa dan uwanka shi ya karasa fitarwar. Na uku kuskure. Sai a hada na daya da na biyu a raba da jimillar ukun. Shi ke nan, babu wani siddabaru a ciki, kuma tun karni na 19 haka ake yi, zamanin da safar hannun ma ba ta zama ruwan dare ba, akwai wani Herman Long na wancan lokacin da ya tara kuskure 1,096, har yau ba a kamo shi ba kuma ba za a kamo ba.

Yanzu duba inda gizo ke sakar. Ba a rubuta maka kuskure sai kwallon da aka ga ya kamata ka tare da kokari na yau da kullum, ka kai gare ta ka barar. Kwallon da ta wuce ka da taku biyu saboda kafarka ba ta da sauri, wannan ba sunanka a ciki, a littafi an rubuta mai bugu ne ya yi bugu mai kyau. Wanda bai dauki tulu ba ai ba zai fasa ba. Kuma mutum daya ne zaune a sama wajen 'yan jarida yake yanke wannan kuskure ne ko ba kuskure ba, da idonsa da ra'ayinsa. A 1993 kwallo ta sauka a tsakar kan Jose Canseco, lokacin yana Texas, ta yi tsalle ta haye katanga, aka rubuta homron, wato bugun da ya haye katanga, ga mai bugu, ba a rubuta masa kuskure ba. Ka neme shi ka sha dariya.

To bar kason, dubi yawan aikin. Ozzie ya tsaya a shotstof wasa 2,511, ya yi asis 8,375, ya fitar da kansa sau 4,249. Jeter wasa 2,674, asis 6,605, fitarwa 3,820. Dauko kalkuleta ka hada. Ozzie 12,624, Jeter 10,425. Wato mutumin da ya buga wasa 163 kasa da dan uwansa, kakar wasa guda cur ke nan, ya fi shi kammala aiki sau 2,199. Idan ka raba da yawan wasa Ozzie yana samun kusan 5 a kowane wasa, Jeter 3.9. Wannan rabawar Bill James ne ya yayata ta a shekarun 1970, ma'aunin fadin wurin da mutum ke iya rufewa. Kwallo daya da 'yan kai a kowace rana kamar ba komai ba, amma kaka daya wasa 162 ce, ka ninka ka gani. Su kuma kuskure 27 din da Ozzie ya fi shi, wlh duk manajan da ka tambaya zai ce a ba shi 27 din ya karbi 2,199.

Kuma akwai wata cafka ta Ozzie a 1978, shekararsa ta farko, lokacin yana San Diego kafin ya koma St. Louis. Jeff Burroughs ya bugo kwallo a kasa, Ozzie ya yi sufa ta hagunsa, yana cikin iska kwallon ta ci karo da wani abu ta canza hanya ta koma bayansa, ya mika hannun da ba safa ya cafe ta haka tsirara, ya tashi ya jefa bes na farko aka fitar da mutum. A littafi wannan asis daya ce, daidai da wadda kwallo ta gangaro maka har gaban takalmi.

Yankees_Har_Abada

Tab, an fara ke nan. Malam Mai_Alkalami da girmanka amma yau sai mun yi ta.

Na farko wannan lissafin naka na rabawa da yawan wasa akwai zalunci a ciki kuma ka sani. Shotstof ba shi yake kiran kwallo ba, sai an bugo masa. A 1980 kungiya daya a wasa daya masu bugunta da ake fitarwa ba tare da sun taba kwallo ba, wato sun sha iska sau uku, ba su kai 5 ba, zuwa 2010 sun haura 7. Fitarwa 27 ce dai a wasa ba a kara ba, idan mai jifa ya cinye 7 ko 8 shi kadai me ya rage wa na bayansa? Sannan filin St. Louis na zamanin Ozzie ciyawar roba ce, kwallo ba ta yi maka gardama a kanta, kuma kungiyar ta gina kanta ne kan a bugo kasa a tare. Ka ga ashe ba gona daya suka noma ba da za ka zo kana auna buhu.

Na biyu ni da idona na kalli Jeter. Wasa na 3 da Oakland a 2001, an ci mu biyu a jere saura daya a kore mu, muna gaba da 1 da nema a zagaye na 7, aka buga kwallo can kusurwar dama, Shane Spencer ya wurgo ta wuce duk mutum biyun da aka ajiye su tare ta, Jeremy Giambi ya taho gida a guje. Kawai sai ga Jeter ya bullo daga inda ba wanda ya zata, shotstof fa amma ga shi a layin bes na farko, ya dauke ta ya cilla wa Posada, mai tsuguno bayan mai bugu, ta bayan hannu aka taba Giambi a kafa. Muka ci 1-0, muka juyo muka cinye sauran wasannin muka kori Oakland. Wace kwamfuta ce za ta auna wannan? Ko na 2004 da Boston da ya bi kwallo da gudu ya cafe ya fada cikin kujerun 'yan kallo ya taso fuska duk jini. Mutum ya ci World Series, wato kofin karshe na babban lig, sau 5, bugu mai ci 3,465, an zabe shi Hall of Fame, zauren gwarzayen wasan, a 2020 da kuri'a 396 cikin 397, kuma Gold Glove din nan manajoji da masu horarwa ne ke zabe, mutanen da suke filin kullum, ba masu zama gaban laftof ba. A 2010 yana da shekara 36 kuskure 6 kacal ya yi duk kakar. A bar kaza cikin gashinta dan Allah.

Mai_Alkalami

Hhhh na san za ka zo. Maganarka ta farko gaskiya ce ban musa ba, shi ya sa ma ba wanda ke tsayawa kan wancan ma'aunin yanzu. Amma ka auna kowa da 'yan zamaninsa mana, nan ma Ozzie yana saman shotstof na lokacinsa, Jeter kuma yawancin shekaru yana kasan na lokacinsa, su ma ai masu jifa iri daya suke gani.

Daga farkon shekarun 2000 aka samu kamfanoni da ke sa mutane su kalli bidiyon kowace kwallo, su rubuta inda ta bi da karfinta, sai a tambaya, irin wannan kwallon sau nawa matsakaicin shotstof ke tare ta? Idan ka tare wadda yawanci ke wucewa a kara maka, idan ta wuce ka alhali yawanci ana tarewa a rage maka, a karshe a maida shi maki. Daga nan ma'aunan tsaro na DRS da UZR suka fito. A DRS, wanda lissafinsa ya fara daga 2003, Jeter ya kare da bashin maki sama da 150. Matsalarsa sananniya ce, kwallon da ta bi ta hagunsa, ta tsakiyar fili, ita ke wuce shi. Tsallen nan da yake yi ta damansa ya juyo a iska ya jefa, wanda kowa ke so, kyakkyawa ne ba karya, amma wani shotstof din zai riga kwallon zuwa wurin ya tsaya da kafarsa ya jefa ba tare da an nuna shi a labaran dare ba. Ido yana rike abin da ya burge shi ne, ba ya rike kwallon da ta sulale shiru ta zama bugu.

Batun masu zaben Gold Glove kuwa, bari in ba ka biyu. Rawlings masu yin safar hannu suka kirkiro kyautar a 1957. A 1999 aka ba Rafael Palmeiro ta bes na farko, alhali wasa 28 kawai ya tsaya a wurin duk shekarar, sauran ya yi su ne a matsayin mai bugu zalla wanda ba ya fita tsaro. A 1990 kuma Cal Ripken ya yi kuskure 3 kacal a wasa 161, ya jera wasa 95 ba ko daya, ba a ba shi ba, Ozzie Guillen aka ba. To ka ga ko kason da kake karewa ma ba shi suke bi ba, suna da farin jini ne ke aiki, musamman idan kana bugu. Abin ya yi yawa har a 2013 aka shigo da lissafin SABR, kungiyar masu binciken besbol, ya zama kusan kashi daya cikin hudu na zaben. Kuma kar ka manta lokacin da Alex Rodriguez ya zo Yankees a 2004 shi ke rike da Gold Glove na shotstof shekara biyu a jere, amma shi aka tura bes na uku, a shekarar kuma Jeter ya ci nasa na farko. Kura da shan bugu gardi da karbar kudi.

Ni ban ce Jeter ba gwarzo ba ne fa. Shotstof da zai ba ka bugu irin nasa shekara 20 ko da tsaronsa da rauni ka ci riba. Yanzu dai tun 2015 akwai Statcast a duk filayen 30, kyamarori na auna inda ka tsaya, nisan da ka ci, da sakan nawa kwallon ta ba ka, sai dai shi ma a kaka daya yakan yi rawa, sai ka hada shekara biyu uku kafin ka yarda da shi.

Maman_Shotstof

Sannunku da muhawara. Ni ban san su DRS ba amma bari in fada muku abin da na gani da idona. Muna zaune a Amurka, dana dan shekara 11 yana buga wa kungiyar yara, rannan aka rasa mai rike littafin maki sai aka mika min, aka koya min a tsaitsaye. Kowane wuri da lambarsa, mai jifa 1, mai tsuguno bayan mai bugu 2, bes na farko 3, na biyu 4, na uku 5, shotstof 6, na can waje 7 8 9. Idan shotstof ya tare ya jefa bes na farko sai ki rubuta 6-3, idan ya barar E6.

To a wasa daya aka bugo kwallo mai karfi, yarona ya ruga ya kwanta mata, ta bugi bakin safar ta fice, ya taso gwiwa duk jar kasa. Wata uwa da ke gefena ta leko littafin ta ce ai E6 ne. Zagaye na gaba aka bugo irinta sak wajen shotstof din daya kungiyar, yaron ko motsi bai yi ba, ya bi ta da kallo kamar mota ta wuce, kuma ba wanda ya ce uffan. Na rike fensir na rasa abin yi wlh. Daga baya kocin ya ce min wadda sai an yi sufa kafin a taba ba a rubuta ta kuskure, na goge, amma a mota yaron ya ce Mama gara in daina bin masu nisa tunda su ke jawo min. Na ce kul, kar in sake ji. Malam Mai_Alkalami abin da kake fada ke nan ko?

Dattijon_Benci

Shi ne fa 'yata, kin ma fi shi iya faɗa. Ki gaya wa jikan nawa ya ci gaba da bin su.

Ku yara kun tsaya kan Jeter kun bar wa bawan Allah tambayarsa ta biyu. E, ana daɗewa da safa kaɗai, amma sai a wuraren da tsaro ke da tsada. Mark Belanger na Baltimore ya yi kaka 18 a babban lig da kason bugu .228, homron 20 duk rayuwarsa, abin da wani ke yi kafin tsakiyar shekara, amma Gold Glove 8, kuma a gefensa ga Brooks Robinson a bes na uku mai guda 16 a jere daga 1960 zuwa 1975, masu jifan Baltimore na lokacin barci suke da munshari. Bill Mazeroski ya shiga Hall of Fame a 2001 da bugu .260, abin da ya kai shi shi ne saurin hannunsa wajen fitar da mutum biyu a tashi ɗaya, ya yi 1,706 a bes na biyu. Shi kansa Ozzie homron 28 gare shi a kaka 19, amma Gold Glove 13 a jere, kuma kafaɗarsa ta jifa ta samu rauni tun 1985, bai tsaya ba, sai ya koyi sakin ƙwallo da wuri don ya rufe ƙarfin da ya ragu. Amma ka ce za ka tsaya bes na farko ko hagun waje ba ka bugu, ko wata ba za ka yi ba.

Abin da nake so sabon shiga ya lura da shi, wuraren nan kamar tsani ne kuma shekaru saukowa suke sa mutum, da wuya ka ga wanda ya hau. Shotstof da mai tsuguno da na tsakiyar waje su ne sama, bes na farko da mai bugu zalla su ne ƙasa. Ernie Banks ya ci gwarzon shekara sau biyu a shotstof, gwiwa ta sa ya ƙare a bes na farko. Robin Yount ya ci a 1982 yana shotstof, kafaɗa ta lalace aka mai da shi waje, ya sake ci a 1989 yana tsakiyar waje. Ripken ya koma bes na uku a 1997. Joe Mauer ya bar tsuguno bayan ƙwallo ta bugar masa kai a 2013. In ka buɗe shafin ɗan wasa ka bi layin da aka rubuta wurin tsayuwarsa shekara bayan shekara, za ka ga ranar da ƙafa ta fara gajiya tun kafin shi ya yarda. Jeter bai taɓa sauka ba har ya yi ritaya a 2014 yana da shekara 40, kuma wani ɓangare na bashin da Mai_Alkalami ke karanto masa daga nan yake. Wannan laifin waɗanda suka kasa gaya masa ne.

Akwai kuma wanda ba jiki ba ne, kai ne. Chuck Knoblauch ya ci Gold Glove a 1997 a Minnesota, ya zo Yankees, kawai jifa mafi sauƙi a wasan, daga bes na biyu zuwa na farko, ta gagare shi, kuskure 26 a 1999, masu wuya yana yi, wanda ya samu lokacin tunani shi yake watsarwa. A 2001 dole aka fitar da shi waje. Steve Sax ma ya sha irinta a 1983, shi Allah ya taimake shi ta sake shi.

Amma wanda ke taɓa min zuciya Bill Buckner ne. Kaka 22, bugu mai ci 2,715, ya fi kowa kason bugu a lig ɗinsa a 1980, a 1985 ya kafa tarihin asis 184 a bes na farko, da idon sawun da sai an naɗe shi kafin ya iya takawa. Ranar 25 ga Oktoba 1986, wasa na 6 na World Series, Boston da ba ta ci kofi ba tun 1918 tana gaban Mets 5-3 a zagaye na 10, an fitar da biyu ba kowa a bes, saura ɗaya a ɗaga kofi. Aka yi musu bugu uku a jere, mai jifa Bob Stanley ya yi wata jifa da ta kufce aka rama 5-5. Sannan ne fa Mookie Wilson ya bugo wata 'yar ƙwallo tana gangarowa a hankali ta bi tsakanin ƙafafun Buckner. Ku lura, an riga an rama kafin ta zo gare shi, kuma akwai wasa na 7 da Boston ta yi gaba 3-0 ta bari aka ci ta 8-5. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. E3 guda ɗaya ta cinye shekara 22, har sai da ya kwashe iyalinsa ya koma Idaho. A 2008, bayan Boston ta ci kofi biyu hankali ya kwanta, suka gayyato shi Fenway, filin Boston, ya yi jifar buɗe kaka, jama'a suka miƙe suna tafi yana share ido. Ya rasu a 2019.

Sabon_Shiga

Kai Baba wannan na Buckner ya ba ni tausayi, yanzu na je na kalla, kwallon ma ba gudu take ba. Na gode kwarai da gaske, Malam Mai_Alkalami na dauko kalkuletan kamar yadda ka ce kuma haka ne, 2,199.

Ina cikin bincike kuma na ci karo da Gift Ngoepe dan Afirka ta Kudu, wanda ake kirgawa na farko da aka haifa a nahiyar Afirka da ya buga babban lig, Pittsburgh 2017, bayan ya yi kusan shekara 9 a kananan lig. An ce a tsaro ba shi da matsala ko kadan, a bugunsa na farko ma ya ci, amma duka wasanninsa a sama ba su kai 50 ba. To Baba ya aka yi Belanger ya yi 18 shi bai samu ko 2 cikakku ba, ko zamani ne ya canza?

Sannan wani abu, na ga na waje ma ana kirga musu asis, kuma an ce Roberto Clemente mai Gold Glove 12 hannunsa kamar bindiga. Idan masu gudu suka san ka da haka ai daina gwada ka za su yi, ke nan asis dinka ya ragu don ka fi iyawa?

Mai_Alkalami

Ka fara zama dan gari. Haka ne, shi ya sa ma'aunan yanzu suke kirga har bes din da mai gudu ya fasa nema don tsoron hannunka. Mai tsuguno ma haka, Ivan Rodriguez ya kama kusan kashi 46 cikin 100 na masu satar bes, to wa zai yi ta kai kansa? Na Ngoepe kuwa ina ganin zamani ne, tun da su Ripken da Alex Rodriguez da shi Jetern suka nuna shotstof ma zai iya bugu, kungiyoyi suka daina hakuri da mai safa zalla, sai dai ya zauna benci a sako shi zagaye na 8.

Yankees_Har_Abada

To Alhamdulillah, da bakinka ka ce Jeter ya canza zamani, na yi sikirinshot. Maman_Shotstof a gaida yaro, a saya masa riga mai lamba 2 irin ta Jeter.

Maman_Shotstof

Lamba 1 ya ce yake so, tun da ya ga bidiyon Ozzie yana alkafura lokacin shiga fili. Jiya ya gwada a falo ya fasa min fitila.